Murfin Butar Baba

Lahadi, 14 ga Janairu, 6:40 na safe

Yau ma Baba a gida ya yi Asuba. Kwana tara ke nan. Mutumin da tun kafin a haife ni ba a taɓa rasa shi a sahun farko na masallacin layinmu a unguwar Ammariyya ba, yanzu a falo yake shimfiɗa darduma, dab da ƙofar banɗaki. Na tambayi Umma, ta ce gwiwa ce. Gwiwa! Jiya da idona na ga ya hau bene da buhun shinkafa a kafaɗa.

Da Hausa nake rubuta wannan, don a wurin aiki duk Larabci ake yi, ba mai iya karantawa.

Lahadi, 4:30 na yamma

Abin dariya, abin haushi: wata takwas ke nan ina aiki a kan wannan ciwon. A ɗakin bincikenmu, ƙarƙashin Daktora Wejdan, muna koya wa na'ura sauraro. Mutum ya shiga banɗaki da waya da roba mai ɗan ruwa a ciki, ya yi fitsari a robar, wayar ta ɗauki ƙarar. An ba na'urar dubban misalai, na masu lafiya da na waɗanda hanya ta toshe musu, da kanta ta koyi bambancin. Idan ta nuna kore, fitar lafiya lau. Idan ta nuna ja, a ga likita. Ba ta kiran sunan ciwo, ba ta ba da magani.

Ni ce mai tattaro rikodin daga dattawan unguwanninmu, tunda ina jin yarensu. Mutum ɗari da arba'in na zauna da su, na yi musu bayani ido da ido, ko gezau. Amma ubana, Alhaji Abdulwahid, ko kalmar ban iya furtawa a gabansa ba.

Talata, 16 ga Janairu, 10:15 na safe

Na ritsa Umma a kicin tana dama kunun gyaɗa, na rufe ƙofa. Da ƙyar ta yi magana, idonta a kan tukunya. Sau takwas, sau tara yake zagayawa kafin gari ya waye. Ya daɗe a ciki, ya fito yana gumi, ba a jima ba ya koma. Alwala ba ta zama. Ta kuma faɗa mini abin da ya faru a masallaci ranar wata Juma'a, a raka'a ta biyu. Wannan ba zan rubuta shi ba.

Sai ta ce, "Zakiya, haka fa na Baffa Muslim ya fara."

Baffa Muslim yayan Baba ne. Shekara shida da suka wuce ya shiga asibiti da ƙafarsa, a makara aka fito da shi. Akwai kalmar da likita ya faɗa a lokacin. Ita ma ba zan rubuta ba.

Alhamis, 18 ga Janairu, bayan La'asar

Na yi ta maza.

"Baba, gobe mu je mustashfa."

"Wa aka kwantar?"

"Ba kowa."

"To halas, shi ke nan."

Ya ƙara wa rediyo murya. Shekara ashirin da tara gare ni, da digiri biyu, da rediyo aka sallame ni.

Juma'a, 19 ga Janairu, 1:20 na rana

Ta taga Baba ya ji huɗuba.

Lahadi, 21 ga Janairu, 9:00 na safe

Na ce wa Daktora zan ɓoye waya a banɗakin gidanmu, a bayan kwalbar sabulu, ba wanda zai sani. Ta cire tabarau ta ajiye.

"La, ya Zakiya. Abadan. Mutumin da bai yarda ba, ba ma ɗaukar ƙararsa. Ko ubanki ne. Musamman ma ubanki."

Na ji haushinta har azahar. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya ƙara mini haushin.

Litinin, 22 ga Janairu, bayan Magariba

An ƙulla yarjejeniya, kuma Umma ce jakadiya. Ni ina kicin, shi yana falo, ita tana kai da kawo kamar mai raba abincin biki. Ko sau ɗaya ba a ambaci sunan abin ba, "gwajin 'yarka" kawai ake cewa.

Sharuɗɗansa uku. Ba zai shiga banɗaki da wayarsa ba, don akwai Alƙur'ani a ciki. Na ce zan kawo ta ofis, wadda ko sallama babu a cikinta. Na biyu, ba ɗan Adam ɗin da zai saurara, na'ura kaɗai. Na uku, idan ta nuna kore, a bar maganar asibiti har abada.

A kan na biyu ya ce in zo da kaina. Na tsaya bakin ƙofa, shi kuma bango yake kallo.

"Ya binti, kin yi alkawari?"

"Na yi, Baba. Kunnena ba zai ji ba."

Na ukun ko damuwa ban yi da shi ba. Na san abin da za ta nuna.

Laraba, 24 ga Janairu, 8:05 na safe

Kore.

Laraba, 2:00 na rana

Kore shar. Lambobin irin na saurayi ɗan ashirin da biyar. Baba ya fito ya miƙa wa Umma wayar ta ba ni, yana gyara hula, har da cewa a gaishe masa da Daktora. Umma ta yi sujudar godiya a tsakiyar falo. Ni ma na ce alhamdulillah.

To me ya sa dardumar take nan bakin ƙofar banɗaki?

Alhamis, 25 ga Janairu, 5:10 na yamma

Ya daina shan shayi. Baba! Mutumin da ke shan finjali bakwai kafin hantsi. Ruwa ma sai ya kurɓa ya ajiye. Na gane lissafinsa: in bai sha ba, ba zai zaga ba. Takalminsa ya fara matse shi, a kan dunduniya yake takawa.

Asabar, 27 ga Janairu, 11:30 na safe

Na karya alkawari. Bari in rubuta shi a fili, ko na ji sauƙi.

Da farko kallo kawai na yi, don kwamfuta tana zana ƙara ta zama hoto, kuma ban yi alkawarin rufe ido ba. Haka na yaudari kaina. A hoton na ga wasu 'yan tsinkaye a jere, siri-siri, da ban san su ba. Na duba na sake dubawa. Sai na sa abin kunne. Daƙiƙa huɗu.

Kwas. Kwas-kwas.

Murfin butar Baba ne. Tsohuwar butar ƙarfen da kakana ya taho da ita daga Katsina, ya ratsa Sudan da ita ya zo hajji bai koma ba. Murfinta ya saki tun ina rarrafe, in aka karkata ta sai ya yi ta kaɗawa. Wannan ƙarar ce take tashe ni Asuba duk tsawon rayuwata. Ya shiga, ya rufe ƙofa, ya tsiyaya ruwan buta a robar a hankali, da lissafi, ya fito yana gaishe da Daktora. Mun ce ya je ya kama ruwa, shi kuwa ya kama ruwan da gaske.

Na yi dariya har na ƙware, daga nan kuka ya karɓa. Wata takwas na aikina, tsoho ɗaya da buta ya gama da shi.

Kuma ba ni da bakin magana. In na ce Baba na ji murfi, na faɗa masa ke nan 'yarsa ta sa kunne a abin da ya roƙe ta kada ta ji. Ba zai sake kallon idona ba, asibiti kuwa sai dai a ɗauke shi.

Lahadi, 28 ga Janairu, 9:40 na safe

Na faɗa wa Daktora komai, har da daƙiƙa huɗun. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ta ce maganar alkawari tsakanina da shi ne, kuma wata rana sai na faɗa masa. Sannan ta tambaya ko ƙafarsa ta kumbura. Da na ce e, fuskarta ta canza.

"Isma'i, saurara da kyau. In ya yi zazzaɓi, ko amai, ko ya tsaya masa gaba ɗaya, ki kira motar asibiti, ba shawara. Ƙodarsa ta fi na'urarmu."

Na ce na ji. Na kuma ce a ba ni mako ɗaya. Idan ni ba zan iya ce masa buta ce ba, na'urar ta ce masa. Da ita ya yi yarjejeniya, ita ya yarda ta saurara.

Ta ce, "Kin san buta nawa za ki buƙata?"

Na ce na san mai su.

Talata, 30 ga Janairu, bayan Azahar

Ammu Jabiru, abokin Baba tun suna samari, yana sayar da butoci da darduma a wani lungu kusa da Balad, tsohon gari. Shi ne mutum na goma sha biyu da ya ba ni rikodi a bara, kore ya samu. Na ce ya ara mini kowace irin buta yake da ita, ta roba mai zane, ta ƙarfe, mai dogon baki, mai gajere. Ya ce biki za a yi? Na ce na'ura zan koya wa ta gane mai zuba mata ruwan buta. Ban ambaci Baba ba.

Ya gyara wata darduma da ba ta karkace ba.

"Tana iya ganewa?"

"Za ta iya, Ammu."

"La haula. To ya binti, in kin koma, lamba goma sha biyun nan, ki goge ta kawai."

Na riƙe baki. Ya ce, wallahi ba don mugunta ba, yarinya kamar 'yarsa ta ba shi waya ta ce ya je ya yi, ta ina zai fara? Ya ga in ya dawo hannu biyu zan ji ba daɗi, shi ne ya taimaka mini. Taimako! Buta ashirin da shida ya ɗaure mini, ya ƙi yarda in ɗauka, shi ya kai har bakin titi.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, 3:45 na yamma

Kwana biyu muna tsiyaya ruwa. Daga sama, daga ƙasa, da sauri, a hankali, da tsayawa a tsakiya irin na mai wayo. Daktora Wejdan da kanta ta naɗe hannun abaya ta tsuguna tana zubawa, tana cewa in mahaifiyarta ta ga abin da ta yi da karatun shekara goma sha ɗaya, sai ta suma. Rikodi ɗari shida da goma muka yi.

Ashe buta tana da muryarta ko ba murfi. Iska tana shiga ta baki tana ɗan ɓulɓul, kuma ruwan yakan yanke lokaci ɗaya. Jikin mutum ba haka yake farawa ba, ba haka yake ƙarewa ba. Mun ɗora wa na'urar, mun bar ta tana koyo.

Asabar, 3 ga Fabrairu, 7:00 na safe

Fuskarsa ta kumbura. Na taɓa goshinsa da sunan cire masa zare a hula, ba zazzaɓi. Lambar motar asibiti tana kan allon wayata tun jiya. Ya Allah, kwana biyu kawai.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, 1:30 na rana

Ta gane! Mun ɓoye mata rikodin buta ɗari da ba ta taɓa ji ba, muka cakuɗa da na gaske, ta tsamo casa'in da bakwai. Na yi tsalle a ofis har mayafina ya zame.

Sai muka juya ta kan mutanena ɗari da arba'in, da na Baba na farko. Goma sha tara buta ne. Goma sha tara! Duk sun haura sittin, duk dattawan da suka yi mini addu'a suka ce Allah ya ba da nasara. Ammu Jabiru yana ciki, Baba yana ciki. Wata uku Daktora tana mamakin yadda tsofaffinmu suka fi na ko'ina lafiyar mafitsara, har ta fara zargin kunun gyaɗa. Yau ta kifa kai a tebur tana dariya tana "ya Allah, ya Allah."

Ta ce in an kama buta a rubuta "gwaji bai inganta ba." Na ce a'a, rabinsu ba sa karanta ƙananan rubutu. Hoto za a sa. Ni na zana shi, da murfi a karkace.

Litinin, 5 ga Fabrairu, 8:20 na safe

Na aika Umma ta ce masa an sabunta na'ura, kowa zai sake, kuma gaskiya ne. Ya ce ba damuwa, yalla, a kawo. Har da fara'arsa.

Muna zaune a falo, ni da Umma. Na toshe kunnuwana da yatsu da gaske, na rantse. Ƙofa ta buɗe. Ya fito riƙe da wayar nesa da jikinsa, a fuskarta ga hoton buta ɓaro-ɓaro. Ya kalli hoton, ya kalli butarsa da ke ɗaya hannun. Ba wanda ya yi motsi.

"Latifatu," ya ce wa Umma, "wannan abar ta fi surukai sa ido."

Umma ta ce, "Alhaji! Buta?"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabona da jinta tun kafin Janairu, har ya dafa bango. Can dariyar ta lafa. Ya ajiye butar a ƙasa, a wajen ƙofa, ya koma ciki ya rufe.

Ya daɗe. Na ƙirga fale-falen tayil na falo sau biyu.

Ja. Ko kallona bai yi ba, ya ce wa Umma, "Ɗauko mini farar taguwata."

Litinin, 6:10 na yamma, a asibiti

An sa masa robar fitsari. Abin da ya fito ya fi lita. Likita ya ce tsokar da ke ƙasan mafitsara, burustata, ita ta kumbura ta matse hanya, fitsari yana komawa baya, har ƙoda ta fara jigata. Ya ce da mun ƙara mako ɗaya ko biyu, da wata maganar ake yi. Mako ɗaya. Ni ce na roƙi mako ɗaya. Na fita baranda na zauna a ƙasa.

Sun ɗebi jini, za su ɗauki ɗan nama su duba. Saboda waccan kalmar.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, 10:00 na safe

Kumburin ya saɓe, ƙoda tana dawowa. Ya sha shayi finjali uku, ya ce na asibiti ruwan wanki ne.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, 4:00 na yamma

Ba sakamako.

Talata, 13 ga Fabrairu, 4:00 na yamma

Ba sakamako. Ya ce wa Umma ta kawo masa hoton Baffa Muslim. Ta ce ta manta inda ta ajiye. Yana cikin jakarta.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, 11:25 na safe

Ba ita ba ce! Ba irin ta Baffa ba ce! Kumburin tsufa ne kawai, za a kankare a buɗe hanya. Umma ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, wata nas ta leƙo a guje tana tambaya ko haihuwa aka yi. Na kira Daktora, ita ta yi ta cewa mabruk ni ina jan hanci.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, bayan La'asar

An yi aikin, an gama lafiya. Yana farkawa ya tambaya ko an yi Azahar.

Laraba, 28 ga Fabrairu, 12:30 na rana

Mun bi sauran goma sha takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an kunyata kowa ba, "an sabunta na'ura" kawai muke cewa. Goma sha ɗaya sun sake. Biyar ja. Ammu Jabiru yana cikin biyar ɗin, jibi zai ga likita, kuma Baba ne ya ce zai raka shi, wai ya san hanya.

Daktora ta sa abin a rahotonmu. A gaban kowa ta ce wannan gyaran ba wanda zai iya kawo shi sai wanda ya tashi a gidan da ake alwala da buta. Na sunkuyar da kai don kunya, amma daɗi kamar ya kashe ni.

Saura abu ɗaya. Har yau ban faɗa masa ba.

Juma'a, 8 ga Maris, 3:20 na yamma

Tun ƙarfe sha ɗaya ya fita, da farar taguwa da turare, don kada a riga shi sahun farko. Na tsaya a taga har ya sha kwana. Ba a kan dunduniya yake taka takalmin ba.

Bai dawo shi kaɗai ba. Dattawa huɗu ya jawo mini, ya zaunar da su a falo, ya ce gwajin 'yarsa za su yi. Ina daga kicin ina jin yana musu huɗuba ta biyu.

"Wayar ba komai cikinta, ku shiga da ita ba laifi. Amma ku ji nan, kada wanda ya yi mata buta. Tana ganewa. Ni shaida ne."

Da suka tafi na kai masa shayi. Na durƙusa na ajiye, na ƙi tashi. Na ce, "Baba, akwai maganar da ban faɗa maka ba. Alkawarin nan."

Ya kurɓi shayi. Wannan karon ba bango ya kalla ba.

"Murfin ne ko?"

Na ce, "Daƙiƙa huɗu, Baba. Ka yafe mini."

"Tun da na ga hoton na sani. Wace na'ura ce za ta zana murfi a karkace?" Ya juya finjalin a hannunsa. "Ranar farko sai da na yi niyyar cire shi, na ce kai, wa zai ji. Halas, ya binti. Na yafe. Ni ma ki yafe mini ruwan da na zuba wa aikinki."

Ya miƙo finjali na ƙara masa, ya shanye, ya ce a ƙara.

Yanzun nan aka kira La'asar. Na tashi da sauri na cika masa butar, na kawo bakin ƙofa. Ya kalle ta, ya zura takalminsa.

"Ajiye ta," ya ce. "Da alwalata tun ta Juma'a."